Jaririyar da Aka Naɗe a Turkuɗi

Duk shekara sai an turo mana 'yan mata daga makarantar kiwon lafiya su koyi aiki a matarniti, wato ɗakin haihuwar unguwarmu a nan Tawa. Su zo da fararen riguna sun sha guga, kowacce da waya a aljihu. Ranar farko su durƙusa su ce, “Inna Dije, ina kwana.” Kafin kwana uku sun gama auna ni: tsohuwar matron ce, wato ungozoma, aikinta dafa ruwa, goge ƙasa da riƙe jariri kafin uwa ta gyara zane. Wata ma ta taɓa ce wa ƙawarta, tana zaton kunnena ya tsufa, wai aikin ungozoma ba shi da wuya, jaririn ne ke fitowa da kansa, ke dai ki tara hannu.

Abin da ya fi ba su dariya shi ne marfin akwatina. Ina da wani tsohon akwatin kwano na kayan aiki, kuma duk jaririn da za a sallama sai na tsaya ta bayan kansa na saki marfin nan a kan siminti. Jariri ya zabura ya watsa hannuwa, ya tsala kuka, uwa ta harare ni, 'yan matan su toshe baki. Sun ɗauka rawar hannun tsufa ce. To, 'yan mata, ku gyara zama in gaya muku abin da ke cikin marfin nan, don ba kullum zan kasance a ƙofar ɗakin nan ba.

Na fara wannan aiki a wani ƙauye gefen Affala, a hannun Gwaggo Tani, ƙanwar mahaifina. Kayan aikinta kaf ba su cika ƙwarya ɗaya ba: reza, zaren saƙa, tsumma, da kaskon da ake gasa hannu a dafa cibiya. Shekara biyu ban taɓa jariri ba. Nawa shi ne hura wuta, kawo ruwa, da haƙa ramin da za a binne mabiyiya bayan ɗaki. In na yi ƙorafi ta ce, “Ke da ba ki iya kallo ba, mi za ki yi da hannu?” Gwaggo ta san haihuwa kamar yadda ta san hanyar rijiya. Tana dafa cikin mace za ta ce kai ya sauko ko bai sauko ba. Amma akwai abubuwan da ta gada waɗanda da kaina na zo na kwance. Ita a wurinta dakashi, ruwan nono na farko mai kauri, dauɗa ne, a tatse a zubar. In nonon jariri ya ɗan kumbura, sai ta matse shi. Cibiya kuwa takan sha toka.

Bayan na yi aure na haifi biyu, aka zo neman mace ɗaya daga kowane gari a kai Tawa a koya mata aikin matron. Garinmu suka tura ni. Wadda ta koyar da mu ita ce Madam Hannatu, wata Kirista mutuniyar kudu, gajera mai ƙaton tabarau, wadda muryarta ke kaiwa bakin titi. Ita ta miƙa mini akwatin nan, da almakashi a ciki, da zare dafaffe, da sabulu, da maganin ɗigawa a ido. Ita ce kuma ta raba mana matsalolin jarirai gida biyu: masu tayar da hankalin uwa a banza, da masu kwantar wa uwa hankali alhali su ne mugaye.

Na gida na farko suna da yawa, kuma su ne ke cika mana benci kowace safiya. Shaƙuwa, atishawa, ƙananan ƙuraje farare a kan hanci, tumbuɗi kaɗan bayan shan nono, kai da ya fito a tsawace saboda matsin hanya. Kumburin nonon jariri ma in an ƙyale shi yana sacewa da kansa, matsa shi ne ke jawo ƙurji. Na taɓa ganin wani baban jariri daga Kalfu da ya taho a guje, rawaninsa a hannu, wai ɗansa ya yi kashi baƙi kamar kwalta. Na ce masa, “Malam, kai ma da shi ka fara, tambayi innarka.” Ya koma yana dariya yana jin kunya.

Na gida na biyu ba su da hayaniya. Cibiya mai wari da ja a gefenta. Ido mai zubar da mugunya. Jiki da ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau. Numfashi da sauri har haƙarƙari na lotsawa. Sai babbarsu, wadda ake yaba wa jariri a kanta: yawan barci da ƙin kama nono. Za ka ji ana cewa, “Ɗan ga akwai haƙuri, ko kuka ba shi yi.” Madam Hannatu takan buga tebur ta ce jariri mai haƙuri ita ba ta yarda da shi ba. Game da shawara kuwa, ciwon nan da ke sa jiki da ido su yi rawaya, ta ce jarirai da dama suna yin 'yar kaɗan ta wuce. Amma in ta fito tun ranar farko, ko ta sauka har tafin hannu da tafin ƙafa, ko ta zo da barcin nan, to a ruga asibiti, domin tana hawa kai ta taɓa kunne. Kuma ba a ganinta a cikin ɗaki. A fatarmu baƙa sai an kai jariri hasken rana, an danna yatsa a goshi ko a kan hanci, an ɗaga, an kalli gurbin. Sau nawa ta faɗa mana wannan, ban iya ƙirgawa ba.

Shekarar da ta fi kowace muni a aikina ita ce shekarar farin nan da rumbuna suka zama wayam, maza suka watse kudu neman abinci. Mata na haihuwar jarirai ƙanana kamar 'yan tsaki, nono babu ruwa. Dabarar da ta tsamo mana da yawa ita ce ɗaure jariri a ƙirjin uwa, fata da fata, a rufa zane, a yi ta ba shi ɗan abin da ya samu a kai a kai. A yini ɗaya nakan zaga gida bakwai da ƙafa. Cikin gidajen nan akwai na wata mai jego, Hassi, wadda ta haifi ɗa namiji. Na je rana ta huɗu da hantsi. Kun san ɗakunan ƙasarmu ta Adar na da, na laka, ba taga, ƙofa ƙarama an rufe ta da tabarma. Uwar mijinta na zaune bakin gado, mace mai kwarjini, ta girme wa uwata. Na ce a ba ni yaron in kai shi bakin ƙofa. Ta ce, “Ba a hidda jinjiri kahin suna. Ga shi nan, lahiya lau, barci shikai.”

Na ji nauyinta. Na duba shi a cikin duhun nan, na taɓa cibiya na ji ta bushe, na ce madalla. Ta ba ni goro na tafi. Taku uku ne tsakanina da ƙofa, ban yi su ba. Ranar suna yaron yana sanƙarewa yana wani kuka siriri, ashe shawara ce ta hau masa kai. Aka kai shi Tawa a kan amalanke, ya rayu, amma kunne ya tafi. Sunansa Iro. Yau magidanci ne, yana gyaran fitilu da kwanuka a kasuwa, da hannu muke gaisawa. Na je na gaya wa Hassi gaskiya tun yana goye, ta ce ta yafe, haka Allah ya rubuta. Ita ta yafe, ni dai har yau in na wuce rumfarsa sai na tuna taku ukun nan.

Aikin da nake son ku riƙe ya faru ne shekaru da yawa bayan wannan, lokacin da aka ajiye ni a wata ƙaramar likita, wato ɗan asibitin ƙauye, arewa da Barmu. An turo mana sabuwar ma'aikaciya, Malama Rabi, fitowarta ke nan daga makaranta, irinku sak. Yarinya ce mai ƙoƙari, littafi na cikin kanta, sai dai ba ta taɓa kwana a ƙauye ba. Wata safiya muka hau bayan babura muka tafi duba wata mai jego a zangon makiyaya. Sunanta Fatima, haihuwar fari, mace ta samu, ranar kwana huɗu. Bukkarsu ta tabarmi ce, an zagaye ta da asabari ta ko'ina, ciki duhu da ƙamshin turare. A gefen shimfiɗa ga kakar jaririyar ta wajen uwa, Inna Takna, wata doguwar Buzuwa wadda ta ji Hausa sarai amma sai ta ga dama take amsawa. Ƙarƙashin matashin jaririyar an ajiye wuƙa, maganin iskoki.

Malama Rabi ta durƙusa ta buɗe zanen da aka naɗe yarinyar, ta haska fitilar wayarta. Sai ta ƙwalla ƙara.

“Inna Dije! Ta yi shuɗi! Ba ta samun iska!”

Kafin in ajiye akwati ta fice waje tana kiran motar asibiti, tana faɗar wasu kalmomin Faransanci masu tsawo. Mai jego ta fashe da kuka. Ni kuwa na ɗaga gefen zanen na murza shi a yatsana. Turkuɗi ne, baƙin zane mai ƙyalli da aka rina da shuni aka buga, irin wanda mutanen arewa ke ji da shi, wanda ke barin launinsa a jikin duk wanda ya yafa. Inna Takna ta ciro shi ne daga ƙasan jakarta don girmama jikarta ta fari. Na ce a ba ni ruwan ɗumi. Na jiƙa tsumma na goge goshin yarinyar, tsumma ya koma shuɗi.

Da Malama Rabi ta dawo na miƙa mata tsumman na ce, “Ga ciwon nan, na cire shi.” Matan da suka taru a ƙofa suka kwashe da dariya har da tafi. Inna Takna ta nuna wuyanta da hannuwanta ta ce, “Ni shekara saba'in ina shuɗi, ban mutu ba.” Malama Rabi ta rasa inda za ta sa kanta. Ta ɗauko waya ta ce bari ta kira direba ya koma tun bai yi nisa ba.

Na ce, “Dakata tukuna, ɗiyata.”

Ina cikin dariyar ne wani abu ya tsaya mini. Na goge jaririyar nan da ruwa, goshi, kunci, ƙirji, ga ihu ga tafi a kanta, ko motsin kirki ba ta yi ba. Jariri mai lafiya in ka taɓa shi da jiƙaƙƙen tsumma sai ya tara maka jama'a. Na tambayi Fatima yaushe rabonta da shan nono. Ta ce tun asuba, ta ɗan kama ta saki. Inna Takna ta karɓe zancen da alfahari: “Haƙuri gare ta, ba ta da hitina.” Maganar da na ji a ɗakin Hassi ce ta dawo mini daga bakin wata.

Na ce wa tsohuwar, “Inna, ina son in kai ta bakin ƙohwa in gane ta ga rana.”

“A'a.”

“Taku ukku na kawai.”

“Ko taku guda. Sama ba ta ganin kan jinjiri sai an yanka mai rago. Haka munka taras.”

Ta dafa jaririyar da hannu ɗaya ta kafe ni da ido. Malama Rabi ta buɗe baki za ta yi bayanin littafi, na taka mata ƙafa. Tsohuwa irin wannan in ka kayar da ita gaban surukanta, ka rasa ta ke nan, ka rasa jaririyar. Na ƙare wa bukkar kallo. Sai na ce, “To, Inna, an hana jinjiri hita. An hana rana shigowa?”

Ta ce wannan ba ta taɓa ji ba.

Na sa mata biyu suka kwance asabarin gefen gabas suka naɗe shi. Hasken hantsi ya kwararo har kan shimfiɗa, rufin bukka na nan bisa kan yarinyar, ba wanda ya karya al'adar kowa. Na danna yatsa a goshin da na goge, na ɗaga. Gurbin ya fito rawaya kamar an shafa gangamau. Na buɗe idonta, farin ya rine. Na wanke tafin ƙafa na danna, shi ma haka. Shunin ne ya rufe ta kwana huɗu, ga duhun bukka. Na kira Malama Rabi na ce ta danna da nata yatsan ta gani. Ta danna, ta dube ni, ta mayar da wayar aljihu, ta fasa ce wa direba ya koma.

Saura babban aikin, fitar da ita zuwa Tawa. Inna Takna ta yi kememe. Ta ce shawara ce, sun san ta, za a jiƙa saiwa a ba uwar. Ta ce saura kwana uku suna, an riga an aika wa dangi har Abalak, rago na ɗaure. In an yi suna a tafi da ita duk inda ake so. Uban jaririyar yana tsaye daga waje, ba ya iya ɗaga ido gaban surukarsa. Ni na san kwana ukun nan su ne duka zancen. Cikinsu kunnen yarinya zai tsaya ko ya tafi.

Sai na zauna a ƙasa kusa da ita, na ba ta labarin Iro. Ban taɓa faɗinsa gaban mutane ba sai ranar. Na ce, “Inna, wata tsohuwa mai girma awa ke ta ce min kar in hidda jikanta, na ji kunyatta na bari. Yau shekarunai sun kai arba'in, bai taɓa jin kiran salla ba, bai san muryar ɗiyanshi ba. Ba tsohuwar ta yi laihi ba, ita abin da ta sani ta yi. Ni da na sani na yi shiru. Yau kam ba ni jin kunyakki. Ki zage ni, ki kore ni, amma ba ni tashi nan in bar ɗiyag ga.”

Inna Takna ta daɗe tana kallon ƙafar jaririyar inda na danna. Can ta ce, “To sama fa?”

Na ce, “Turkuɗinki na da hwaɗi. Ki yi mata rufi da shi har mota.”

Haka aka yi. Da motar ta iso, Fatima ta rungumi 'yarta, mata huɗu suka kama kusurwoyin turkuɗin suka ɗaga shi bisa kansu, Inna Takna na gaba riƙe da wuƙa tana ba da umarni cikin Buzanci. Direban ya saki baki yana kallo, ya ce shi dai an ce masa jaririya ta yi shuɗi. Malama Rabi ta ce masa, “Ja mota, malam, launi ya canza.”

A asibitin Tawa lokotoro, wato dokta, ya ɗebi jini, ya ce an zo a kan gaɓa. Aka tuɓe yarinyar, aka rufe mata ido da ƙyalle, aka kwantar da ita cikin wani ɗan gado ƙarƙashin fitilar da ake gasa masu shawara da ita. Da aka kunna, hasken ya fito shuɗi, yarinya ta koma shuɗiya tun daga kai har ƙafa. Inna Takna ta leƙa, ta juyo ta dube ni sama da ƙasa.

“Ungozoma, don wanga kunka wahal da mu? Kun cire nawa shuɗin kun sa naku?”

Na ce, “Naki na ado na, Inna, wanga na aiki na.” Ta ce ita dai nata ya fi kyau. Ta shimfiɗa tabarma gefen gadon, ta tura wuƙarta ƙarƙashin katifar, ma'aikatan suka yi kamar ba su gani ba. Duk bayan ɗan lokaci a ciro yarinyar a ba uwar ta shayar, in ta kasa kamawa a tatsa a ba ta da ƙaramin kofi. Rana ta biyu ta fara kama nono da ƙarfi. Rana ta uku aka yanka rago a zango ba ita, aka kira ta waya aka ce sunanta Mariyama. Inna Takna ta yi guɗa a tsakiyar ɗakin marasa lafiya har aka zo aka roƙe ta ta sassauta.

Ranar da za a sallame su kowa na murna, ni kaɗai hankalina bai kwanta ba. Rawaya ta washe, amma Iro ma ai rawayarsa ta washe. Lokotoro ya ce a dawo da ita a auna kunnen da na'ura, ni kuwa ba zan iya jiran wannan ranar ba. Mariyama na kwance kan cinyar uwarta, ido biyu, tana kallon rufi. Na zagaya ta bayan kanta inda ba za ta gan ni ba. Ba ni da komai a hannu sai akwatina. Na cire marfin, na yi bisimilla, na sake shi a kan siminti.

Yarinyar ta zabura ta watsa hannuwa biyu, ta cika ɗakin da kuka. Inna Takna ta taso mini da faɗa, Hausa da Buzanci a haɗe, wai na firgita mata jika. Ni kuwa ina tsaye ina dariya hawaye na zuba. A duk shekarun aikina ban taɓa jin kuka mai daɗin wannan ba.

Malama Rabi yanzu ita ke shugabantar wata likita can arewa, kuma an gaya mini duk bukkar da ta shiga sai ta sa an naɗe asabari. Marfin nan ba na'ura ba ne, na sani, kuma ba ya hana a kai yaro awo. Amma tun daga ranar ban sallami jariri ba sai na sake shi. Ya lotse ya lanƙwashe, har ya daina rufe akwatin. Duk sanda ya kai haka nakan kai wa Iro a kasuwa ya buga mini shi ya miƙe. Kwanan baya ya juya shi a hannu, ya nuna lotsawar, ya tambaye ni da hannu me nake yi da marfin nan haka. Na naɗe hannuwana kamar mai riƙe da jariri, na nuna faɗuwar marfi, na nuna kunne, na zabura. Ya daɗe yana dubana. Sannan ya ɗauki guduma ya daidaita shi a hankali, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya miƙo mini kusa da kunnena, yana tambayata da ido ko ƙarar ta isa.